Kwana Dubu Ba Haɗari

Bututun ya sauka a kan ƙafar Tartsatsi da misalin ƙarfe goma na safiyar Laraba, kuma abin da ya fara faɗo masa a rai, tun kafin zafin ya iso kansa, allon bakin ƙofar kamfani ne. Da safen nan ya wuce ta gabansa, ya ga maigadi a kan tsani yana rataya sabuwar lamba: ɗari tara da tamanin da huɗu. Kwanakin da aka jera ke nan babu ma'aikacin da ya ji raunin da ya hana shi zuwa aiki. Saura kwana goma sha shida a cika dubu.

Mutum shida suka haɗu suka ɗaga ƙarfen. Tartsatsi ya shekara ashirin da huɗu yana walda a wannan filin, inda kamfanin mai yake gyara bututansa, kuma a duk tsawon shekarun nan ko asibitin kamfani bai san launin jininsa ba. Yau igiyar ƙugiyar da ke ɗaga bututu ta zame daga inda aka ɗaura ta. Da aka yanka takalmin aikin da wuƙa aka zare, waɗanda suka leƙa suka kau da kai. Bayan ƙafar hagun ya baje, fatar ta dare tun daga idon sawu har gindin yatsu.

Jami'in kiyaye haɗurra ya iso a guje, hular kwanonsa a hannu. Ma'aikata suna kiransa Hattara, domin ko gaisuwa ba ya iya yi sai ya cusa kalmar a ciki. Ya durƙusa, ya dubi ƙafar, ya dubi mutanen da suka kewaye.

"Baba, kana jin yatsun?"

"Ina jin su."

"To, da sauƙi. Kowa ya mayar da wayarsa aljihu. Wanda na ga ya ɗauki hoto, ni da shi ne."

A ƙaramin asibitin kamfani likita ya yi wa ƙafar hoto, ya ɗaga shi saitin fitila ya daɗe yana kallo, sannan ya ja aljihun tebur ya jefa shi ciki.

"Tsagewa ce," in ji shi. "Za mu ɗinke, mu ɗaure, mu yi maka allura. Hutu kawai ƙafar take so."

"Hutu a zaune," Hattara ya gyara masa. Ya jawo kujera kusa da gadon, ya sassauta murya. "Baba, kai ba baƙo ba ne, ka san ƙa'ida. In ma'aikaci ya goga katinsa a ƙofa washegari, ko zama kawai ya zo yi, ba a sa shi a lissafi. In ya kwana gida ranar aiki ɗaya tak, allo ya koma sifiri. Mota za ta riƙa ɗauko ka daga ƙofar gida, ta mayar da kai. Ko ƙasa ba za ka taka ba."

Tartsatsi ya san ƙa'ida, ya ma fi Hattara saninta. Mutumin da ya mayar da allon sifiri na ƙarshe wani mai yankan ƙarfe ne da injin ya cire wa kan yatsa, ya tafi asibitin gari da kansa, aka rubuta masa hutun kwana uku. A lokacin lambar ta haura ɗari bakwai. Ranar da mutumin ya dawo, Tartsatsi ne ya miƙe a ɗakin cin abinci ya ce, "Ku matsa wa Sifiri ya zauna, kada ya gaji." Aka yi ta dariya har da buga tebur. Sunan ya bi mutumin har gida, har 'ya'yansa a makaranta aka koma ce musu 'ya'yan Sifiri. Daga baya aka tura shi sito yana miƙa wa mutane safar hannu, kuma tun daga lokacin a bayan kantar siton yake cin abincinsa shi kaɗai. Tartsatsi bai taɓa jin ya yi laifi ba. A ganinsa namiji ba ya kwanciya saboda kan yatsa.

"Ku turo motar," ya ce.

Matarsa tela ce, tana ɗinki a barandar gidansu. Da ta ga direba da wani ƙato sun ɗauko mijinta sun shigo da shi, ba ta yi ihu ba. Ta jira suka fita, ta durƙusa ta ɗaga gefen bandejin, ta sake shi a hankali.

"Baban yara, wannan ba ta gida ba ce. Ta asibiti ce."

"Daga asibitin nake."

"Asibitin da ya kalli wannan ya sallame ka? Kuma gobe ka koma aiki? Da me za ka yi waldar, da haƙori?"

"Ba ki san aikin nan ba," ya ce, ya juya fuskarsa bango.

Da gaskiyarsa, lambar nan ba ta ado ba ce. Duk shekara kamfanin yana buga wani littafi mai sheƙi, rahoton yadda yake kula da muhalli da ma'aikata da mutanen da yake haƙo mai a ƙasarsu. Masu hannun jari suna karantawa, ko aƙalla suna duba manyan lambobin. Bana an riga an tsara shafin farko, an bar gurbi mai faɗin tafin hannu don kwana dubu, an gayyaci manyan baƙi, an ɗinka wa kowa riga. Kuma an raɗa wa mutanen filin walda, su arba'in da biyu, cewa sabunta kwangilarsu tana jiran wannan rahoton.

Aka ba Tartsatsi wani ɗaki a bayan ofishin hulɗa da jama'a, mai taga ɗaya da fanka mai ƙara. Shugabar ofishin ita ke rubuta rahoton, kuma ma'aikata suna kiranta Anti Al'umma, don ba ta rufe jimla sai da wannan kalmar. Mace ce mai fara'a, kuma fara'ar tata ba ta ƙarya ba ce, wanda shi ya fi ba da tsoro. Da kanta ta kawo masa matashi ya ɗora ƙafar, ta sa aka jibge masa kwalaye goma sha biyu na littattafan rubutu da za a raba wa makarantu.

"Baba, aiki ne mai sauƙi. Ka ɓare tambarin kamfani, ka manna a kusurwar dama, ya daidaita. Kowane littafi yaro ɗaya ne a cikin al'umma. Ka ga ko a zaune kana taimako."

Haka mutumin da yake haɗa bututu biyu har a rasa gane inda aka haɗa ya zauna yana manna tambari mai hoton koren ganye a bayan littafi. Kwanakin farko ɗakin bai rabu da baƙi ba. Abokan aiki suna leƙowa lokacin hutu, wannan da lemo, wannan da ayaba, kowa yana jinjina masa. "Namijin duniya!" suke cewa. "Saura sha huɗu, Baba." Ba mai tambayar ƙafar sai a gurguje, kamar yadda ake tambayar mutanen gida. Shi kuwa yabon yana shigarsa, yana rage masa zafin fiye da ƙwayoyin da likita ya ba shi.

A mako na biyu ƙafar ta fara wari. Nas ɗin da ke sauya bandeji kowace safiya ta koma sa abin rufe hanci biyu, tana aikinta da sauri ba ta ɗaga ido. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi suka yi duhu, suka daina jin taɓi. Likita ya ce jini ne ya kwanta, ya ƙara allura. Baƙin suka ragu, waɗanda suka zo ma daga bakin ƙofa suke miƙo gaisuwa. Anti Al'umma ta kawo wani turaren fesawa ta ajiye a kan taga, ta ce saboda warin gam ne.

Ranar Juma'a da rana aka turo ƙofar, sai ga Sifiri ɗauke da kwalin tambari daga sito. Ya ajiye, ya mayar da ƙofar ya rufe, ya tsaya yana kallon bandejin da ya jiƙe ya yi rawaya.

"Yaya, ka tafi asibiti. Na gari, ba wannan ba."

Tartsatsi bai ɗago daga littafin da yake mannawa ba.

"Tun daga baranda ake jin ta, Yaya. Kowa yana ji, ba mai faɗa maka ne kawai."

"Kai kuma ka zo faɗa mini saboda ƙauna." Ya danna tambarin da babban yatsa. "Ka gaji da sunanka ne, kana neman wanda zai gaje ka?"

Sifiri ya ɗaga hannunsa na dama, ya dubi guntun yatsan kamar ya daɗe bai gan shi ba.

"Sunan ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye maka ba. Har yanzu yana yi. Amma da ƙafata nake zuwa aiki, da ita nake komawa." Ya buɗe ƙofar. "Allah ya ba ka lafiya."

"Ka ja mini ƙofar da kyau," Tartsatsi ya ce.

Washegari Asabar, babu aiki, babu mota. Matarsa ba ta nemi shawararsa ba. Ta kira ƙaninta ya zo da tasi, suka ɗauke shi yana zazzaɓi yana faɗa, suka kai shi asibitin gari. Likitar da ta karɓe su wata doguwar mace ce mai gajeren haƙuri. Ta kwance bandejin, ta ja da baya, ta dubi matar, ta dubi mijin.

"Wa ya ɗinke wannan a kan datti? Kwana nawa ke nan?"

"Goma," matar ta ce.

Aka sake yin hoto. Likitar ta kafa shi a jikin fitila ta nuna musu da biro. Ƙasusuwa uku sun karye, ba tsagewa ba. Yatsu biyu sun mutu, kuma ruɓar tana hawa.

"Zan saukar da zazzaɓin yau da gobe, Litinin mu shiga tiyata. Yatsun nan biyu sun tafi, ka yi haƙuri da su. Amma ƙafar za ta tsira, za ka taka ta. Za ka yi kwana goma a gado, aƙalla."

"Litinin ranar aiki ce," in ji Tartsatsi.

Likitar ta ɗauka wasa yake yi, ta yi dariya ta wuce gado na gaba.

Kwana biyu aka yi ana ƙara masa ruwa da magani, zazzaɓin ya sauka, ya samu barcin da rabonsa da shi tun ranar da abin ya faru. Ranar Litinin, ƙarfe shida da rabi na safe, ya buɗe ido ya ga mutum shida tsaye a kansa cikin kayan aiki. Hattara na gaba, direba na baya yana wasa da makulli. A tsakiyarsu akwai Dogo, mai tuƙa ƙugiya, wanda shi ya ɗaura igiyar da ta zame. Shekara ashirin suna cin abinci a kwano ɗaya, shi da Tartsatsi.

Matar ta miƙe daga tabarmar da ta kwana a kai, ta shiga tsakaninsu da gadon.

"Ku ji tsoron Allah. Ƙarfe tara za a shiga da shi."

"Mama, kwana biyar ne," Hattara ya ce, hannunsa a ƙirji. "Litinin zuwa Juma'a. Ranar Juma'a da yamma ni da kaina zan kai shi asibitin da ya fi wannan, kamfani zai ɗauki komai. Ƙafar da ta yi kwana goma sha biyu, biyar ce za ta gagare ta?"

"Ƙafarka ce?"

Hattara ya matsa gefe. Dogo ya zo ya durƙusa a gaban gadon, ya kama ƙarfen da hannu biyu. Ƙaton mutum, gemunsa ya fara fari, hawaye na bin fuskarsa.

"Ɗan'uwa, in allon nan ya faɗi, bincike za a yi. In aka yi bincike, ni ne. 'Ya'yana bakwai, ka san su ɗaya bayan ɗaya, kai ka raɗa wa na ukun suna. Ban ce ka yafe mini ba. Kwana biyar kawai nake roƙo."

Sauran suka tsaya suna kallonsa, kuma Tartsatsi ya san irin kallon, domin shi ma ya taɓa yi wa wani. Ya hango kansa yana shiga ɗakin cin abinci da sanda, ana matsa masa wuri. Tsoro ya kama shi, tsoron da ya fi na wuƙar likita.

"Miƙo mini wandona," ya ce wa matarsa.

Ba ta miƙa ba, Dogo ne ya ɗauko. Aka kira likitar, ta zo da takarda a hannu, ranta a ɓace.

"Ka san abin da takardar nan ta ce? Ta ce na gaya maka, ka ji, ka ƙi. In ka fita ƙofar nan, ban yi maka alkawarin ƙafa ba."

Ya karɓi biron ya sa hannu. Hattara ya roƙi likitar cikin ladabi ta ba shi kwafi ɗaya saboda fayil. Suka ɗaga Tartsatsi, Dogo a dama, direba a hagu. Matar ta zauna a bakin gadon da ya tashi, hannayenta a cinya.

"Shekara ashirin da huɗu ina wanke maka kayan aikin nan," ta ce. "Na ɗauka ƙarfinka kawai suka saya."

Ƙarfe takwas saura minti huɗu ya goga katinsa a ƙofa, ta tagar mota. Maigadi ya sara masa.

Makon nan bai san yadda ya wuce ba. Zazzaɓin ya dawo tun ranar Talata, ya zo da rawar ɗari. Baƙin ruɓar ya haura idon sawu, wani jan layi ya kama hanyar gwiwa. Hannunsa yana karkarwa, tambarin yana fita a karkace, wani ma a kife. Ranar Laraba Anti Al'umma ta shigo da hanki a hanci, ta duba kwalin ƙarshe, ta ce cikin taushin murya, "Baba, waɗannan sai an sake su. Ka san yara suna lura." Ya zauna yana ɓare su da farce ɗaya bayan ɗaya. A gida matarsa tana goge masa jiki da ruwan sanyi, tana ba shi abinci a baki, amma ta daina yi masa magana.

Juma'a ta zo. Tun da sassafe aka kafa rumfuna a farfajiya, aka jera kujeru, aka gwada lasifika. An wanke motar asibitin kamfani tana ƙyalli, an ajiye ta a gefen rumfar manyan baƙi, ƙofofinta a buɗe don su ga kayan da ke ciki. Tartsatsi ya goga katinsa, aka kai shi ɗakinsa, aka miƙa masa sabuwar rigar bikin a leda. Wajen ƙarfe sha ɗaya ya sulale daga kan kujera, kansa ya bugi ƙafar tebur.

Anti Al'umma ce ta same shi, ta shigo ɗaukar littattafan da za a nuna wa baƙi. Ta ruga ta kira Hattara. Yana jin muryoyinsu sama-sama, kamar daga wani ɗaki.

"A kawo motar asibiti!"

"Tana gaban baƙi, Anti. Shugaba yana jawabi. In ta motsa yanzu kowa zai juyo."

"To ya za a yi?"

"Ƙarfe biyu za su tashi. A kwantar da shi, a buɗe taga."

Suka shimfiɗa kwalaye a ƙasa suka kwantar da shi, suka sa masa rigar bikin a ƙarƙashin kai. Hattara ya ja ƙofar ya murɗa makulli, kada wani baƙo ya yi ɓatan hanya. Ta tagar da aka buɗe muryar shugaban kamfanin tana shigowa tar. Yana cewa babu gangar mai da ta kai ran mutum ɗaya daraja, kuma burinsu kowane ma'aikaci ya koma wa iyalinsa da yamma yadda ya fito da safe. Aka ƙirga tare, aka yaye ƙyallen da ya rufe sabuwar lambar, tafi ya ɓarke. Tartsatsi yana kwance yana rawar ɗari, haƙoransa suna haɗuwa, kuma Allah ya sani, daɗi ya ji. Ya ce a ransa, an cika, kuma ba a kaina ta faɗi ba.

Baƙin ba su tashi ba sai ƙarfe uku da rabi, domin an tsaya cin abinci.

Asibitin gari aka mayar da shi, wancan da ya fi kyau ba a ƙara ambatarsa ba. Doguwar likitar ba ta yi faɗa ba wannan karon. Ta duba, ta kira matar gefe, ta ba ta takarda ta sa hannu. Aka yanke ƙafar ƙasa da gwiwa da faɗin yatsu huɗu. Da ya farfaɗo ya ji ƙaramin yatsansa yana ƙaiƙayi, ya miƙa hannu zai sosa, hannun ya sauka a kan zanen gado. Ya yi kuka kamar yaro. Matarsa tana zaune a gefe da allura da zare, ta naɗe ƙafar wandonsa ta hagu tana ɗinkewa.

Dogo ya zo sau ɗaya, ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shigowa. Hattara ya zo bayan mako biyu da kwandon lemo da ambulan. Ya karanta wasiƙar da kansa, a hankali, yana bin layi da yatsa. Kwamiti ya zauna, ya gano cewa raunin da aka ji a bakin aiki ƙarami ne, shaida kuwa ma'aikacin bai rasa ko rana ɗaya ba, katinsa ya nuna. Abin da ya biyo baya ya samo asali ne daga barin asibiti da ma'aikacin ya yi bisa raɗin kansa, bayan likita ta gargaɗe shi, ga kwafin takardar da sa hannunsa. Saboda haka lamarin rashin lafiya ne na ƙashin kai. Kamfani yana gode masa, kuma ya amince ya yi ritaya saboda dalilin lafiya.

Matar ta tashi ta ɗauki kwandon lemon ta ajiye shi a waje, a baranda. Tartsatsi ya juyo ya dubi Hattara.

"Allon fa?" ya ce.

"Yana tafiya, Baba. An sabunta kwangilar ma. Kowa yana gaishe ka."

Wata biyu bayan an sallame shi, wata farar mota ta tsaya a ƙofar gidan. Anti Al'umma ta shigo da sallama da fara'arta, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, idonta ya ciko da ta ga wandon. Ta ce ba ta manta da shi ba ko kwana ɗaya. Kamfani zai raba kekunan guragu hamsin ga masu buƙata ta musamman a yankin, kuma da hannunta ta rubuta sunansa, shi ne na ɗaya.

"Na ma'aikata ne?" ya tambaya.

"A'a, Baba, na al'umma ne. Ai yanzu kana cikin al'umma. Sai dai don Allah ka zo da kayan gida, kada ka sa wani abu mai tambarin aiki, don kada a rikita lissafi."

Matarsa ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu. Sandunan da yake dogarawa sun ci masa hammata har sun yi gyambo, sau biyu yana faɗuwa a hanyar banɗaki, kuma ita ce take ɗaga shi da bayanta mai ciwo. Ya ce zai zo.

A filin wata makarantar firamare aka yi taron. Kekunan suna jere a rana, kowanne da ledarsa. Aka kira sunansa, samari biyu masu riguna iri ɗaya suka ɗaga shi suka ɗora a kan na farko, aka tura shi gaban wani babban ƙyalle mai hoton itatuwa. Matarsa ta bi shi ta rufe masa cinya da zane, ta koma cikin mutane. Wani manaja da Tartsatsi bai taɓa gani ba ya zo ya tsaya a bayansa, ya dafa kafaɗarsa, ya tambayi Anti Al'umma ko dattijon haka aka haife shi. Ta ce rashin lafiya ce.

Mai ɗaukar hoto ya durƙusa, ya leƙa, ya sauke kyamarar.

"Baba, a ɗan janye zanen nan. In ba a ga ƙafar ba, sai a ɗauka kujera kawai muka ba ka."

Tartsatsi ya janye gefen dama.

"A'a, ba wannan ba. Ɗayar."

Ya nemi matarsa da ido a cikin taron. Ta juya baya, tana kallon katangar makarantar. Mutum arba'in da tara suna jiran layi a rana, manajan ya duba agogo. Tartsatsi ya kama zanen da hannu biyu ya yaye shi gaba ɗaya, ya naɗe shi, ya riƙe a ƙirji.

"Yauwa, Baba, haka," in ji mai hoton. "Yanzu ɗago kai, ka yi murmushi."